Yadda Ake Zaɓen Rediyon Haɗa Gini da Gini a Ƙaramar Harabar Makaranta

A yawancin ƙananan makarantu da kwalejojin Sakkwato, intanet a gini ɗaya yake sauka, galibi ginin gudanarwa ko ɗakin kwamfuta. Daga nan ake fara neman yadda za a kai shi ɗakin karatu, da asibitin makaranta, da ɗakunan kwanan ɗalibai da ke can ƙarshen fili. Kebul ɗin tagulla irin Cat6 iyakarsa mita 100, kuma jan sa tsakanin gini da gini gayyatar tsawa ce zuwa cikin ofis. Abin da ya rage biyu ne: ko a binne igiyar faiba, ko a kafa rediyo biyu masu kallon juna, ɗaya a wannan gini ɗaya a wancan.

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne fara shi daga shago. Ana sayen rediyo saboda an ga an rubuta kilomita 15 ko 30 a jikin kwali, sannan a zo ana neman inda za a rataya shi. Rediyo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zaɓa. Kafin shi akwai nauyin da hanyar za ta ɗauka, da abin da ke tsaye tsakanin ginin biyu, da ƙarfen da zai riƙe shi, da wutar da za ta ciyar da shi.

Tukuna, rediyon ake buƙata?

Idan tazarar ba ta wuce mita 200 zuwa 300 ba, filin na makaranta ne, kuma babu kwalta ko magudanar ruwa a tsakani, a binne faiba. Igiya mai zare ɗaya da ƙananan na'urorin SFP (waɗanda ake cusa bakin faibar a cikinsu) na gigabit ɗaya tana kai kilomita 10 ba tare da ruwanta da damina ko hunturu ba, kuma ba ta ɗauko tsawa tunda gilashi ce. Muna faɗin haka ne duk da cewa maganar rediyo muke yi, domin ginin da ake rubuta jarrabawa da kwamfuta a cikinsa, ko wanda sabar makaranta take, bai dace a rataya shi ga iska kaɗai ba.

Rediyo yana cin kasuwarsa inda haƙa zai yi tsada ko ba zai yiwu ba: titin gwamnati ya raba harabar biyu, akwai gidajen mutane a tsakani, ginin na haya ne, ko kullum ana haƙa harsashin sabon gini ana sare abin da aka binne. Haka kuma yana da amfani a matsayin hanya ta biyu idan faiba ta yanke.

Mataki na farko: a ƙirga nauyin da zai bi hanyar

A ɗauki takarda a rubuta abin da ke ginin da za a kai wa. Mu ce ɗakin kwanan ɗalibai ne mai mutum 300. Ba duka za su hau lokaci ɗaya ba. A lissafa kashi ɗaya cikin uku bayan sallar isha'i, mutum 100 ke nan, kowa da megabit 1 zuwa 1.5. An sami 100 zuwa 150. Amma idan duk intanet ɗin da makaranta ke saye megabit 50 ne, ɗaliban nan ba za su taɓa jan abin da ya wuce 50 ba, sai dai in akwai abin da ake ɗauka daga sabar cikin gida.

Abin da ake yawan mantawa da shi kyamarorin tsaro ne. Kyamara mai 1080p tana tura megabit 2 zuwa 4 idan da tsarin matse bidiyo na H.265 take aiki, da H.264 kuwa tana iya kai 6, dare da rana ba hutu. Kyamara 16 a megabit 4 sun cinye 64, kuma duk hawa suke yi zuwa inda na'urar naɗa take, wato kishiyar inda intanet ke bi. Rediyon 5 GHz da na 60 GHz (GHz shi ne ma'aunin zangon iska da rediyo ke aiki a kai) irin waɗanda muke saye karɓa-karɓa suke yi tsakanin aikawa da karɓa a tasha ɗaya, don haka lambar da kamfani ya tallata ta tafiya da dawowa ce a haɗe. Idan zai yiwu, a ajiye na'urar naɗa a ginin da kyamarorin suke, a bar hanyar ta ɗauki hoton da ake kallo kawai.

A tara duka, a ƙara kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari don gobe. Lambar da ta fito ita za ta raba gardama nan gaba. Ƙasa da megabit 200, 5 GHz ya isa. Sama da 400, a fara tunanin 60 GHz ko faiba.

Mataki na biyu: a hau sama a gani da ido

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci mafi yawa. A fara da Google Earth, a ja layi tsakanin wuraren biyu a duba nisa da tudu da kwari. UISP Design Center na Ubiquiti da LINKPlanner na Cambium su ma suna nuna yanayin ƙasa. Sai dai duk cikinsu babu wanda za a dogara da shi kan itacen da ya girma bara ko benen da maƙwabci ya ɗora. Dole mutum biyu su hau, ɗaya nan ɗaya can, daidai tsayin da eriya za ta zauna. Idan hazon hunturu ya rufe gari, a haska madubi da rana ko tocila mai ƙarfi da dare.

Ganin juna da ido bai wadatar ba. Sigina ba ta tafiya a siririn layi. Tana buƙatar sarari mai siffar doguwar kankana, siriri a bakin eriya biyu, mai faɗi a tsakiya. Wannan shi ake kira yankin Fresnel, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari na faɗinsa ya zama fayau. Lissafinsa a tsakiyar hanya: a raba nisa a kilomita da zango a GHz, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, a ninka da 8.66, amsar a mita take, daga layin tsakiya zuwa gefe.

A zangon 5.8 GHz, hanya mai mita 500 tana ba da kimanin mita 2.5, kashi 60 ɗinsa mita 1.5. Kilomita 1 mita 3.6 ne, ana son 2.2. Kilomita 2 mita 5.1, ana son 3. Kilomita 5 mita 8, ana son 4.8. A 60 GHz kuwa, mita 500 ba ta kai mita 0.8 ba, shi ya sa yake iya ratsawa ta ratar da ke tsakanin gine-gine biyu inda 5 GHz zai sha wahala.

Ga yadda ake amfani da shi. Nisa kilomita 1.2, ƙasa a shimfiɗe, a tsakiya akwai dogon yaro mai tsayin mita 12. Yankin Fresnel a nan kusan mita 4 ne, kashi 60 ya zama 2.4. A ƙara mita 2 na girman da itacen zai yi. Ke nan layin da ke tsakanin eriya biyu sai ya wuce ta tsayin kimanin mita 16.5 a wurin. Idan wannan ɓangare mita 12 kawai aka iya samu, ɗaya ɓangaren sai ya kai mita 21. Bututun mita 6 a kan gini mai hawa ɗaya ba zai yi ba, ko wane irin rediyo aka saya. Mafita ita ce a matsa gefe a nemi rata, ko a hau ƙarfen tankin ruwa idan mai ƙarfi ne, ko a karya hanyar gida biyu ta wani gini da ke ganin kowanne.

Itatuwanmu suna da yaudara ga wanda bai lura da lokaci ba. Kuka a watan Maris tsirara take, sigina ta wuce ta cikin rassanta, amma da ruwa ya sauka sai ta cika da ganye, jiƙaƙƙen ganye kuwa yana shanye sigina sosai. Gawo akasin haka yake: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya auna hanya a watan Agusta ta cikin gawo, a Disamba zai ga ta lalace. Ƙa'idar mai sauƙi ce, a ɗauki kowane itace a matsayin bango, da ganye ko babu.

Rufin kwano ma abin lura ne. Idan eriya ta zauna ƙasa-ƙasa a bayan dogon rufi, sigina tana bugun kwanon ta dawo ta haɗu da ta ainihi, wani lokaci su ƙarfafa juna wani lokaci su kashe juna. A kafa eriya a bakin rufin da ke fuskantar ɗaya ginin, ba a tsakiya ko baya ba. Irin wannan na faruwa a dogayen hanyoyin da suka ƙetare ruwa, kamar tsakanin cikin gari da Dundaye inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, da fadamar Rima a tsakani: abin da yake busasshiyar ƙasa da rani, da damina shimfiɗar ruwa ce mai mayar da sigina. A irin wannan nisa kuma lanƙwasar ƙasa tana shiga lissafi, kimanin mita 1.5 a tsakiyar kilomita 10, sama da mita 3 a kilomita 15. A cikin haraba ɗaya ba sai an damu da ita ba.

Mataki na uku: 5 GHz ko 60 GHz

A bar 2.4 GHz ga wayoyin ɗalibai. Tashoshinsa uku ne kacal da ba sa hawa kan juna, kuma duk sun cika.

Zangon 5 GHz shi ne jakin aikin. Ruwan sama kusan bai taɓa shi, ƙurar hunturu ma haka, yana kai kilomita da yawa, kuma kayansa suna samuwa. Matsalarsa cunkoso. Masu sayar da intanet a gari, da bankuna, da otal-otal, da ma na'urorin Wi-Fi na makarantar kanta duk a nan suke. Rediyon zamanin 802.11ac mai aika sigina ta hanyoyi biyu a tare yana nuna megabit 173 a tasha mai faɗin 20 MHz, 400 a 40 MHz, 867 a 80 MHz, amma abin da ke isa hannu bai cika wuce kashi 60 zuwa 70 na wannan ba, shi ma in iska a tsabtace take. Duk ninka faɗin tasha yana ƙara hayaniyar da rediyo ke ji da dB 3 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne), kuma yana buɗe ƙofa ga maƙwabta. A cikin gari, 40 MHz mai tsabta ya fi 80 MHz mai datti sauri. Sau da yawa ma 20 MHz ne ke zaunar da hanya lafiya.

Zangon 60 GHz wani abu ne daban. Faɗin tasha ɗaya 2.16 GHz ne, don haka gigabit ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma da wuya maƙwabci ya dame ka, domin iskar oksijin tana shanye kimanin dB 15 a kowace kilomita a daidai 60 GHz. Tashoshin sama, daga 64.8 GHz zuwa gaba, shanyewar ta ragu sosai, shi ya sa rediyon dogon zango ke amfani da su. Abokin gabansa ruwa ne. Ruwa mai ƙarfin milimita 25 a awa yana cin kimanin dB 10 a kilomita, mai 50 yana cin 17, mai 100 kusan 30. Ruwan Sakkwato bai kai na kudu yawa ba, amma yakan zo da ƙarfi a ɗan lokaci, musamman a Yuli da Agusta. A hanya mai mita 400, ruwan milimita 50 dB 7 kawai zai ci, rediyo ya rage gudu ya ci gaba. A kilomita 1.5 kuwa dB 26 ne, hanyar za ta ɗauke har sai ruwan ya lafa.

Ga hukuncinmu. Ƙasa da mita 500, da ganin juna fayau, a ɗauki 60 GHz. Daga 500 zuwa kilomita 1.5, 60 GHz mai faranti wanda ke da 5 GHz na ko-ta-kwana a cikinsa, in ana buƙatar saurin. In ba a buƙata, 5 GHz kawai. Sama da kilomita 2 a ƙaramar makaranta, 5 GHz da eriya mai dBi 23 zuwa sama (dBi ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina ne).

Maganar doka kuma: hukumar sadarwa ta NCC ce ke kula da zanguna a Najeriya. Zangon 2.4 da 5.8 GHz na cikin waɗanda aka saki ga kowa bisa sharuɗɗa, zangunan maikurowef irin su 13, 15, 18 da 23 GHz kuwa sai da lasisi. Kafin a biya kuɗin kaya, a duba ƙa'idar NCC da ke aiki kan zangon da aka zaɓa da iyakar ƙarfin da aka yarda. Doguwar hasumiya, musamman a ɓangaren filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, tana buƙatar izinin tsayi daga hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA.

Mataki na huɗu: a san siginar da ake jira tun kafin a hau

Wannan lissafi minti biyar ne, amma shi ke bambanta aikin gwani da na lalube. Asarar sarari a dB ita ce 92.45, a ƙara 20 sau log (maɓallin log na kalkuleta) na nisa a kilomita, a ƙara 20 sau log na zango a GHz. A 5.8 GHz, kilomita 1 tana cin dB 107.7, kuma duk ninka nisa ƙarin dB 6 ne.

A hanyarmu mai kilomita 1.2 asarar 109.3 ce. Da eriya mai dBi 23 a kowane ɓangare da ƙarfin aikawa dBm 10 (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne): a tara 10 da 23 da 23, a cire 109.3, an sami kusan −53 dBm. Lamba na kusantar sifili, sigina na ƙara ƙarfi. Nan ake so, tsakanin −50 da −60. Idan aka bar ƙarfin a dBm 24, siginar za ta kai −39, ta yi wa mai karɓa yawa, kurakurai su ƙaru, kuma a dami kowa a unguwa. Ƙure ƙarfi ba ya gyara hanya. Abin da ke gyara ta babbar eriya ce, domin tana ƙara abin da ake ji daga gaba tana rage abin da ke shigowa daga gefe. Don a samu mafi girman gudu, ana son siginar ta fi hayaniya da dB 30 ko kusa da haka.

A rubuta wannan lamba a tafi da ita sama ranar kafawa.

Mataki na biyar: yanzu a zaɓi na'ura

A 5 GHz, na gajeren zango akwai NanoStation 5AC Loco mai dBi 13 da SXTsq 5 ac na MikroTik mai 16. Faɗin kallonsu yana sa su kwaso hayaniya, don haka sun fi dacewa da 'yan ɗaruruwan mita a wuri mara cunkoso. NanoBeam 5AC Gen2 yana da 19, LiteBeam 5AC Gen2 da CPE710 na TP-Link suna da 23, PowerBeam 5AC Gen2 da ePMP Force 300-25 na Cambium suna da 25. A 60 GHz akwai Wireless Wire na MikroTik don mita 200 ko makamancin haka, da Wireless Wire Dish da aka tsara har mita 1,500, da Cube 60Pro ac da UniFi Building Bridge waɗanda ke da 5 GHz na ko-ta-kwana.

Kafin a biya, a duba bakin kebul. Tsoffin samfura irin su NanoStation M5, LiteBeam M5, CPE510 da LHG 5 wanda ba ac ba, bakinsu megabit 100 ne, komai kyan sigina ba za su wuce kimanin 94 ba. Suna nan da yawa a kasuwa kuma sun fi araha, shi ya sa ake faɗawa. A duba irin wutar da yake ci: da yawa daga rediyon airMAX na Ubiquiti volt 24 suke so ta adaftarsu, suwic mai ba da wuta ta kebul (802.3af ko 802.3at) kuwa volt 48 yake bayarwa, kuma haɗa rediyon 24 da adaftar 48 da ba ta tambaya kafin ta ba da wuta yana ƙona shi nan take. Ɓangarorin biyu su zama kamfani ɗaya, zuriya ɗaya, domin airMAX na Ubiquiti da Nv2 na MikroTik da ePMP na Cambium ba sa jin yaren juna. A sayi guda ɗaya na ajiya da adafta biyu tun yanzu.

Idan gine-gine huɗu ko biyar za a haɗa, kowanne ya samu hanyarsa kai tsaye daga cibiya in zai yiwu. Sarƙa, inda na farko ke ba na biyu na biyu ke ba na uku, tana nufin wuta ta ɗauke a gini ɗaya duk na bayansa sun mutu. A hasumiyar cibiya a raba rediyon da mita ɗaya zuwa biyu a tsaye, a nisanta tashoshinsu, a rage ƙarfi.

Mataki na shida: ƙarfe, kebul, atin da wuta

Mafi yawan hanyoyin da suka mutu a nan ba rediyonsu ne ya gaza ba. Iskar farkon damina a Mayu da Yuni, wadda ke yaye kwanon gidaje, ita ke gwada aikin mai walda. Kaucewar digiri ɗaya a nisan kilomita ɗaya mita 17 ce a ɗaya ɓangaren, farantin 60 GHz kuwa kallonsa 'yan digiri kaɗan ne. A yi amfani da bututu mai kauri na inci 2 zuwa sama wanda ba ya tsatsa, a ɗaure shi a jikin bango ko ginshiƙin siminti da maɗauri biyu masu tazara, ba a jikin katakon rufi ba. Duk abin da ya wuce mita 3 sama da maɗaurin ƙarshe yana son wayoyin ɗauri uku.

Kebul ya zama na waje, baƙi mai jure rana, mai rigar ƙarfe a ciki da wayar atin (mai kai wuta cikin ƙasa), tagulla zalla. Wanda ake kira CCA alminiyom ne da aka shafa wa tagulla. A kankare shi da wuƙa, in fari ya fito a mayar. Yana zubar da wuta a hanya, sai rediyo ya riƙa mutuwa yana tashi da rana tsaka ana zargin na'ura. Farin kebul na cikin ɗaki kuwa ranar Sakkwato tana farfasa shi, ruwa ya bi cikinsa har adafta. A lanƙwasa kebul ƙasa kaɗan kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗige a waje.

Makarin tsawa biyu ake sa wa kowane kebul, irin ETH-SP-G2, ɗaya kusa da rediyo ɗaya a mashigar gini, duka a haɗe da atin. Ba don damina kaɗai ba: busasshiyar iskar hunturu mai ƙura tana tara wuta a jikin eriya, ta sauka ta bakin kebul, sai a ga gigabit ya koma megabit 100 ko 10, ko bakin ya mutu ɗungum alhali rediyon na kunne. Ƙasarmu mai yashi idan ta bushe ba ta karɓar wuta da kyau, don haka sandar tagulla ɗaya ba ta cika isa ba. A kafa biyu ko uku a haɗe, inda ƙasa ke da laima, a auna da rani, a nemi ƙasa da ohm 10, sannan a haɗa atin ɗin ƙarfe da na ginin wuri ɗaya. Sandar kama tsawa ta fi rediyo tsayi.

Sai zafi. Rediyon waje da yawa an gina su su jure har digiri 70, amma adafta da ƙaramin suwic na ofis da yawa iyakarsu 40, Sakkwato kuwa a Afrilu inuwa ma tana wuce haka. Akwatin ƙarfe a rufe ƙarƙashin kwano shi ke kashe su. A sa su ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa.

Lissafin wuta: rediyo kimanin watt 8, suwic 12 zuwa 15, a ce 25 duka. A awa 24 watt-awa 600 ke nan. Batir mai volt 12 da 100Ah yana ɗauke da 1,200, amma na dalma rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato kwana ɗaya cif. Zafi kuma yana rage masa rai da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, shi ya sa na lithium irin LiFePO4 ya fi dacewa da nan duk da tsadarsa. Farantin sola mai watt 250 zuwa 300 zai riƙe wannan nauyi ko da ƙura ta kwanta masa, muddin ana goge shi kowane mako da hunturu. Kada a haɗa rediyo da inbatar ofis da ake kashewa ƙarfe huɗu.

Mataki na bakwai: saiti a ƙasa, daidaitawa a sama

A haɗa rediyon biyu a kan tebur tukuna, da ƙarfi mafi ƙanƙanta, suna kallon wuri daban. Na Ubiquiti mai manhajar airOS yana zuwa da adireshin 192.168.1.20, na MikroTik 192.168.88.1. A sabunta manhaja ta zama iri ɗaya, a sauya kalmar sirrin kamfani, a zaɓi ƙasa daidai, a sa tsaron WPA2 da AES, a mayar da su gada zalla don VLAN, wato rukunonin da aka raba sadarwar makaranta, su wuce, a ba kowanne adireshi tsayayye a VLAN na masu kula, ba wanda ɗalibai ke ciki ba. Idan akwai faiba da rediyo zuwa gini ɗaya, a kunna RSTP a suwic, in ba haka ba saƙonni za su yi ta zagaye har komai ya tsaya.

A sama, a fara sauraron iska da manhajar airView ko makamancinsa na minti 10 zuwa 15 a kowane ɓangare, domin abin da wannan ke ji ba shi wancan ke ji ba. A kafe tasha ɗaya, kada a bar shi ya zaɓa da kansa. Tashoshin da ke tsakanin 5250 zuwa 5350 da 5470 zuwa 5725 MHz ana raba su da na'urorin rada. Rediyo yana sauraro na minti ɗaya kafin ya fara, kuma yana tsallakewa in ya ji rada, wanda ke yanke hanya na ɗan lokaci.

Wajen juyawa, mutum ɗaya ke motsi ɗayan ya tsaya. Hagu da dama a hankali har a wuce ƙololuwa a dawo, sannan sama da ƙasa, sannan ɗaya ɓangaren ya yi nasa. A gwada da lambar da aka lissafa. In an jira −53 aka sami −55, a ɗaure. In −68 aka samu, ba a kan tsakiyar eriya ake ba, gefenta aka kama, ko akwai abin da ya tare. Kada a ƙara ƙarfi don rufe wannan. In hanyoyi biyu na rediyon sun bambanta da fiye da dB 5, a zargi rufi ko itace, a ɗaga ko a sauke eriya rabin mita a sake gani. A ɗaure kusoshi bi da bi ana kallon lamba, domin ɗaurin kansa yana kautar da faranti.

Gwaji kafin a karɓi aiki

Shafin auna saurin intanet ba ya auna hanyar, abin da kamfani ke ba ka yake aunawa. A sa kwamfuta a kowane ɓangare da kebul, a gudanar da manhajar auna gudu ta iperf3 na minti biyar zuwa can, biyar zuwa nan, sannan duka a tare. A aika saƙonnin gwaji na ping dubu masu girman bait 1472: a hanya mai lafiya jinkiri bai wuce milisakan 1 zuwa 5 ba, kuma babu wanda ya ɓace. A maimaita da dare lokacin da ɗalibai suka hau, tunda a nan cunkoso ke bayyana.

Bayan haka alamomin suna faɗin ciwonsu. Sigina na nan yadda take amma gudu ya faɗi, wani ya shigo tasharka. Sigina na raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni, itace ne. Ta faɗi dare ɗaya bayan iska, ƙarfe ya juya. Agogon rediyo na komawa sifili, wuta ce ko kebul. Gudu ya tsaya cak a 94, zare ɗaya ya yanke a kebul ko kan kebul na RJ45 ya yi tsatsa. Duk wannan ba ya ganuwa sai in an rubuta lambobin ranar farko: sigina ta kowace hanya, hayaniya, tasha, faɗi, ƙarfin aikawa da sakamakon iperf3. A manna kwafi a cikin akwatin suwic, a ajiye fayil ɗin saitin kowane rediyo a ofishin makaranta tare da kalmar sirri, ba a wayar mai kwangila kaɗai ba, sannan a sa mutum ya hau ya duba kusoshi da wayoyin ɗauri a watan Afrilu, kafin iskar farko.